YADDA AKE AUNA GIRMAN INJIN ƊUMAMA RUWA: DAGA BOKITIN WANKA ZUWA TAFKIN NINƘAYA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin masu masauki, da masu gidajen wanka, da masu kula da masallatai, da kuma waɗanda aka damƙa wa amanar tafkin ninƙaya a otal ko a makaranta, musamman a unguwar Sabo ta birnin Ibadan da kewayenta. Makasudinsa shi ne a bayyana yadda mutum zai san girman injin ɗumama ruwa, watau hita, wanda ya dace da bukatarsa tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Mutane da yawa sukan tafi kasuwa su nuna wanda ya fi cika ido, ko kuwa wanda ya fi araha, alhali girman hita abu ne da ake fitarwa da lissafi. Wanda ya sayi ƙarami zai kwana yana ƙona wuta, gari ya waye ruwa bai yi ɗumi ba. Wanda kuwa ya sayi wanda ya fi ƙarfin wayar gidansa, to, ya sayo wa kansa gobara da kuɗinsa.

Tun shekarar 1916 da aka keɓe Sabo domin zaman Hausawa, unguwar ta zama zangon fatake, masu kawo shanu daga Arewa da masu ɗaukar goro su koma da shi. Maigida a Sabo shi ne mai saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a ciniki, kuma ruwan wanka da na alwala suna cikin haƙƙin baƙo a kansa. Har ila yau unguwar tana maƙwabtaka da wuraren da aka gina da tafkunan ninƙaya, kamar kulob ɗin shaƙatawa na Ibadan wanda aka kafa a 1902, da filin wasa na Lekan Salami a Adamasingba, da otal ɗin Premier a kan dutsen Mokola. Lissafin da ke ɗumama bokitin baƙo shi ne dai ke ɗumama irin waɗannan tafkuna. Yawan ruwan ne kawai ya bambanta.

Sanyin Ibadan

Kafin a shiga lissafi, ya kamata mai karatu ya tuna cewa Ibadan ba ta da ɗari irin na Kano ko Zariya, balle na Jos. A Kano, sanyin dare cikin hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salsiyos. A Ibadan kuwa galibi yakan tsaya wajen digiri 20, ko da yake wasu ranakun yakan sauka kaɗan. Lokuta biyu ne ruwa ke yin sanyi a nan. Na farko shi ne hunturu, a watannin Disamba da Janairu, sa'ad da busasshiyar iska ke kaɗowa daga Arewa. Na biyu shi ne marka, a watannin Yuli da Agusta, sa'ad da gajimare ke rufe rana kwana da kwanaki.

Saboda haka hitar da aka tsara domin ƙasashe masu ƙanƙara, ko ma domin Jos, ta zarce bukatar mutumin Sabo nesa. Kada mai saye ya dogara da jadawalin da ke jikin kwali, domin sau da yawa an rubuta shi ne bisa sanyin Turai ko Amurka. Abin dogaro shi ne ma'aunin zafi, watau tamomita, wanda mutum zai tsoma cikin ruwansa da asuba a lokacin da sanyi ya fi tsanani.

Tambayoyi huɗu

Duk mai son sayen hita, wajibi ne ya fara amsa tambayoyi huɗu.

1. Lita nawa ce ruwan? Bokitin wanka yakan ɗauki lita 10 zuwa 20, jarka lita 25, duro kuwa wajen lita 200. Ga tanki ko tafki mai kusurwa huɗu, sai a auna tsawo da faɗi da zurfi da mita, a ninka su da juna, sa'an nan a ninka abin da ya fito sau 1,000. Idan zurfin tafki ba ɗaya ba ne, a haɗa zurfin wuri mafi zurfi da na wuri mafi ƙarancin zurfi, a raba biyu.

2. Digiri nawa ake so a ƙara? A auna zafin ruwan yadda yake, a cire shi daga zafin da ake nema. Ruwan wanka mai daɗi yana wajen digiri 40. Ruwan tafkin gasar ninƙaya, bisa ƙa'idar hukumar ninƙaya ta duniya, yana tsakanin digiri 25 da 28. Ruwan da likitoci ke amfani da shi wajen gasa jikin masu ciwon gaɓoɓi ya fi wannan ɗumi, yakan kai digiri 33 zuwa 35.

3. Cikin sa'o'i nawa ake son ruwan ya yi ɗumi? Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi ƙayyade girman injin.

4. Zafi nawa ne ke zurarewa yayin da ake ɗumamawa? Ga bokiti ko tanki mai marufi, asarar kaɗan ce. Ga buɗaɗɗen tafki kuwa, takan kai rabin aikin baki ɗaya.

Ƙa'idar 860

Ƙarfin hita da kilowat ake auna shi. Hita mai kilowat 1 idan ta yi aiki sa'a guda, ta ci yunit ɗaya na lantarki, watau irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Masana, tun daga gwaje-gwajen da James Joule ya yi a Ingila cikin shekarun 1840, sun tabbatar da yawan zafin da ruwa ke sha. A taƙaice, yunit ɗaya yana ƙara wa lita 860 na ruwa digiri ɗaya. Shi ne kuma zai ƙara wa lita 86 digiri 10, ko lita 43 digiri 20. Babu wata hita mai ƙona lantarki kai tsaye da za ta wuce wannan iyaka, ko wane kamfani ne ya ƙera ta, ko me mai sayarwa ya faɗa.

Ga yadda ake lissafin:

Mataki na farko: a ninka yawan lita da yawan digirin da ake son ƙarawa.
Mataki na biyu: a raba abin da ya fito da 860. Amsar ita ce yawan yunit.
Mataki na uku: a raba yawan yunit da yawan sa'o'i. Amsar ita ce kilowat.
Mataki na huɗu: a ƙara wani abu domin zafin da ke zurarewa.

Misali na farko: bokiti

Bokiti mai lita 15 ya kwana a tsakar gida, da asuba ruwansa yana digiri 22, ana so ya kai 40. Bambancin digiri 18 ne. Lita 15 sau 18 ya ba da 270. Idan aka raba da 860, ya zama kusan sulusin yunit. Hita mai kilowat 1 za ta gama wannan aiki cikin minti 19 ko 20. Wanda ya bar ta cikin bokiti sa'a guda ya yi ɓarnar kashi biyu cikin uku na kuɗinsa, kuma yana iya narkar da bokitin roba.

Ya kamata a lura da wani abu da iyayenmu suka daɗe da sani: ruwan rijiya yana da ɗumi da asuba. Dalili kuwa, zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya sauyawa sosai tsakanin dare da rana. Ruwan da aka ɗebo yanzu daga rijiya ko burtsatse ya fi wanda ya kwana a tanki bisa rufin ɗaki ɗumi da 'yan digirori, kuma kowane digiri ragin kuɗi ne.

Misali na biyu: masaukin baƙi

A ɗauka maigida yana da baƙi 20, kowannensu zai yi wanka da bokiti mai lita 15 kafin sallar asuba. Jimlar ruwa lita 300 ke nan. Lita 300 sau digiri 18 ya ba da 5,400, wanda idan aka raba da 860 ya zama kusan yunit 6 da sulusi. Idan za a kunna hita da ƙarfe 2 na dare a kashe da ƙarfe 5, watau sa'o'i 3, ana bukatar kilowat 2 da ɗoriya. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar domin asara, ya zama kilowat 2 da rabi. Hita mai kilowat 3 ta wadatar.

Amma idan maigidan ya ce lalle sai cikin sa'a guda, to, zai bukaci fiye da kilowat 6, wanda ya ninka abin da soket na gida ke iya ɗauka. Yunit ɗin da za a ci bai ragu ba, bai kuma ƙaru ba. Gaggawa ce kaɗai ta jawo babban inji da babbar waya. Wanda ya ba ruwa lokaci, ƙaramin inji ya ishe shi.

Bugu da ƙari, ba tilas ne tankin ya ɗauki lita 300 ba. Idan aka ɗumama lita 150 zuwa digiri 60, aka sirka da ruwan sanyi, za a sami lita 300 na ruwan wanka. Wannan lissafi ya shafi gidajen wanka na haya da kuma tankunan alwala na masallatai, sai dai ruwan alwala ba ya bukatar ya kai digiri 40.

Misali na uku: tafkin ninƙaya

A ɗauki tafkin ƙaramin otal mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, da matsakaicin zurfi mita 1 da rabi. Idan aka ninka su, aka kuma ninka sau 1,000, ya zama lita 75,000, watau duro 375. A ce cikin hunturu ruwan ya sauka zuwa digiri 24, ana so ya koma 28. Lita 75,000 sau 4 ya ba da 300,000. A raba da 860, ya zama yunit 349. Idan aka ba shi kwana biyu, watau sa'o'i 48, ana bukatar kilowat 7 da ɗoriya. Idan kwana ɗaya ake so, kusan kilowat 15.

Domin a gane nauyin abin, tafki irin na gasar Olamfik mai tsawon mita 50, faɗin mita 25 da zurfin mita 2 yana ɗauke da lita miliyan 2 da rabi. Ƙara masa digiri ɗaya tak yana cin yunit fiye da 2,900.

To, amma lissafin tafki bai ƙare nan ba, domin yayin da hita ke zuba zafi, iska tana kwashewa.

Inda zafi ke zurarewa

Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa ke da sanyi: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Haka tafki yake, sai dai shi fuskarsa duka a buɗe take. Kowace lita ɗaya da iska ta busar takan tafi da kashi biyu cikin uku na yunit, watau zafin da ya isa ya rage wa lita 580 digiri ɗaya. A buɗaɗɗen tafki, wajen kashi 70 cikin 100 na zafin da ke ɓata ta wannan hanya yake tafiya. Iskar hunturu ta fi kowace iska ƙishirwa, shi ya sa tafki ke yin sanyi a Janairu ko da rana tana haskawa. Tafkin da muka kawo misalinsa yana da fuska mai murabba'in mita 50. Idan ruwansa ya ragu da milimita 5 kacal a yini, lita 250 ke nan suka tashi, sun tafi da yunit fiye da 160.

Daga nan za a fahimci cewa faɗin fuskar tafki shi ke ƙayyade kuɗin kullum, yawan ruwansa kuwa shi ke ƙayyade kuɗin ɗumamawar farko.

Hanya mafi sauƙi ta sanin asara ita ce gwaji. A kashe hita, a auna zafin ruwa da magariba, a sake aunawa da asuba, a yi haka dare uku cikin lokacin sanyi. Alal misali, idan ruwan ya sauka da digiri ɗaya cikin sa'o'i 12, to, lita 75,000 a raba da 860 ya ba da yunit 87, a raba da 12 ya zama kilowat 7 da ɗoriya. Wannan shi ne ƙarfin da ake bukata domin kawai a riƙe ruwan kada ya huce. Idan aka haɗa shi da kilowat 7 na ɗumamawar kwana biyu, injin da ya dace da wannan tafki mai kilowat 15 ne.

Maganin asara shi ne marufi. Shimfiɗar roba da ake yi domin tafki, wadda ke kwanciya bisa fuskar ruwa da dare, tana rage kuɗin ɗumamawa da rabi ko fiye, tana kuma hana ƙurar hunturu shiga, tana rage yawan ruwan da ake ƙarawa. Katanga ko shingen itatuwa ta ɓangaren da iska ke kaɗowa shi ma yana taimakawa, muddin bai tare rana ba. A yanayi irin na Ibadan, tafkin da ke samun rana da yini kuma ake rufe shi da dare yana iya wuce mafi yawan watannin shekara ba tare da an kunna masa hita ba. Don haka a sayi marufi tukuna, a sake gwaji, sa'an nan a yanke shawarar girman inji. A kiyaye, kada a bar yara su kusanci tafkin da aka rufe, kuma kada kowa ya shiga ruwa sai an yaye marufin baki ɗaya.

Wace irin wuta?

Lantarki kai tsaye. Ita ce mafi arahar saye, mafi tsadar riƙo. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da farashin lantarki ta ƙasa ta sa naira 225 a kan kowane yunit ga masu rukunin A. Da wancan farashi, yunit 349 na ɗumamawar farko sun kama naira 78,525, ban da asarar kowane dare. Mai karatu ya duba takardar kuɗin wutarsa daga kamfanin rarraba lantarki na Ibadan, ya yi lissafi da farashin da ake cajinsa.

Injin zuƙo zafi daga iska. Wannan yana aiki ne kamar firji da aka juya: yana kwaso zafin iskar waje ya zuba cikin ruwa. A ƙasa mai ɗumi, kowane yunit da ya ci yakan ba da zafin yunit 4 zuwa 6. Inji mai ba da kilowat 15 zai ja wajen kilowat 3 ne kawai daga waya. A tambayi mai sayarwa ko lambar da ke jikin injin ta abin da yake ci ce ko ta abin da yake bayarwa.

Gas. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin yunit 13 ko kusa da haka, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar yakan bi hayaƙi. Ɗumamawar farko ta tafkin misalinmu za ta ci kusan tukunya uku masu kilo 12 da rabi. Injunan gas da na zuƙo zafi sau da yawa ana rubuta ƙarfinsu da ma'aunin BTU. Kilowat 1 daidai yake da BTU 3,412 a sa'a, saboda haka kilowat 15 ya kama wajen BTU 51,000.

Rana. Baƙaƙen faifai masu bututu a ciki, waɗanda ruwa ke bi ya ɗauki zafin rana, ba su da kuɗin mai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗinsu ya kai rabin fuskar tafki zuwa cikakkenta, watau murabba'in mita 25 zuwa 50 ga misalinmu. Ƙarfinsu yakan ragu cikin marka da ranakun hazo.

Itace da gawayi. Kilo ɗaya na busasshen itace yana da zafin yunit 4 ko kusa da haka, amma murhu mai duwatsu uku kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka yake kai wa tukunya. Ruwan baƙi 20 zai ci itace fiye da kilo 10 kowace safiya. Murhu mai rufaffen jiki da tukunya mai marufi suna rage wannan ƙwarai.

Ƙarfin waya

Lantarkin gidajen Nijeriya yana zuwa ne da bolt 230. Idan aka raba yawan wat da 230, za a san nauyin da waya za ta ɗauka da ma'aunin amfiya. Hita mai kilowat 3 tana jan amfiya 13, kuma wannan ita ce iyakar soket na gida. Duk abin da ya wuce haka yana bukatar wayarsa ta musamman daga akwatin fis. Hita mai kilowat 15 tana jan amfiya 65, wanda ya sa akan haɗa irinta da layi uku. Ƙaramin janareta na shago, wanda ƙarfinsa bai kai kilowat 1 ba, ba zai ɗauki ko hitar masauki ba.

Sa'an nan idan wuta ta zo da rauni, ƙarfin hita yakan faɗi fiye da yadda ake zato. Idan bolt ya sauka zuwa 180, hita mai kilowat 3 ba za ta ba da ko kilowat 2 ba. A unguwar da aka san wuta da rauni, a ƙara sa'o'i. Ƙara girman inji sai dai ya ƙara wa waya nauyi.

Kiyaye rai

1. Kada a tsoma hannu cikin bokiti a ji ɗumin ruwa alhali hita tana jone. A kashe, a zare, sa'an nan a taɓa.
2. Kada a kunna hitar tsomawa a wajen ruwa, kuma kada a bar ta da yara su kaɗai.
3. Kowace hita ta tanki ko ta tafki a haɗa ta da wayar ƙasa, a kuma sa mata makashin da ke yanke wuta da zarar lantarki ya yi yoyo, mai miliamfiya 30. Ma'aikacin lantarki mai lasisi ne zai yi wannan aiki.
4. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, musamman fatar yaro da ta tsoho. A fara zuba ruwan sanyi a bokiti, sa'an nan na zafi.
5. Ruwan tanki da ke zaune kwanaki da ɗumi-ɗumi yana iya haifar da ƙwayar cutar huhu wadda aka gano bayan annobar birnin Filadelfiya ta Amurka a 1976. A riƙa kai shi digiri 60, a riƙa wanke tankin.
6. Kada a hura gawayi ko a kunna injin gas ko janareta a rufaffen banɗaki. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

Kammalawa

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Kafin a tafi kasuwa, a rubuta lambobi huɗu a takarda: yawan lita, yawan digiri, yawan sa'o'i, da asarar dare. A ninka na farko da na biyu, a raba da 860, a raba da sa'o'i, a ƙara asara. A nuna wa ma'aikacin lantarki amsar, ya duba ko wayar gidan za ta ɗauka. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a yi awon ruwa da gyaran waya tun watan Nuwamba, kafin hunturu ya kankama.